Gwazar Saman Tukunya

A kasuwar Samaru Chukwuebuka ya fara ganin Ƙauna, tana zaune bayan tulin gwaza tana kakkaɓe mata ƙasa. Mahaifiyarsa ce ta aiko shi daga Sabon Gari, amma yana haɗa ido da yarinyar aiken ya ɓace masa.

"A gidanmu ede muke ce mata," ya faɗa, don dai ya samu abin cewa.

Ta yi murmushi. "Wasu kuma su ce makani. Mu dai gwaza muka tashi muka ji. Ko me ka kira ta, in ba ta dahu ba sai ta ƙaiƙaye maka maƙogwaro."

Tun daga ranar, Chukwuebuka mai gyaran janareto, wanda ake kira Ebuka, ya zama kwastoman gwaza. Bawan Allah har suna ya raɗa mata, kullum saƙonsa ɗaya ne: "Gwazata, kin tashi lafiya? Ni dai zan jira, ko wuta za ta cinye itacen Zariya kaf."

Baba Sati, mahaifin Ƙauna, manomi ne a Palladan, kuma da maganar aure ta taso bai ja da nisa ba. Mama Nnenna, uwar Ebuka, ita ta kafe. Tana da wadda take so, Josephine, 'yar aminiyarta. Da ƙyar da siɗin goshi ta yarda Ƙauna ta zo ranar Lahadi bayan an tashi coci ta yi girki a gani.

Da safiyar ranar Ƙauna ta rubuta masa: "Masoyi, gabana sai faɗuwa yake. In Mama ta ƙi ni yau, shi ke nan."

Ya amsa: "Ni ma tsoro nake ji. Amma ki zo, ina bakin ƙofa."

A tsakar gidan su Ebuka na unguwar Muchia ta ɗora tukunya. Gwazar fadamar babanta ce, irin mai taurin kai, wadda sai ta daɗe a wuta kafin ƙaiƙayinta ya mutu. Ta rufe, ta gyara itace, ta ɗauki kayan miya ta nufi injin niƙa a bakin layi.

Tana dawowa ta ji ihu.

Mama Nnenna na zaune dirshan a ƙasa, ta riƙe wuya hannu biyu, hawaye na zuba, bakinta a buɗe amma magana ta ƙi fita. Robar niƙa ta suɓuce daga hannun Ƙauna.

"Ita ce!" Josephine, wadda ita ma ta zo gidan, ta nuna ta. "Ta sa wa Mama wani abu! Lafiya lau take kafin wannan ta shigo!"

Kan ka ce kwabo maƙwabta sun cika gidan. Wani ya ja ƙofa ya rufe. Wata ta ce a kira 'yan sanda, wani saurayi ya ce ba sai an kira kowa ba. Ƙauna ta ja da baya. Ta san abin da taron mutane ke iya yi in an ambaci guba, kuma ba ta da kowa a unguwar nan sai mutum ɗaya.

Ebuka ya shiga gabanta ya tsaya.

"Ƙauna," ya ce a hankali, bai waiwayo ba, "me ya samu Mama?"

Ba ta sani ba. Tana cikin addu'a a zuci idonta ya sauka gefen zanin tsohuwar. Ga ɓawon gwaza nan, ga gutsure guda, cikinsa fari fat, da shatin haƙori. Murfin tukunya kuwa a karkace yake. Gwazar da ba ta dahu ba ce ta ci, kuma manja ne ke kashe ƙaiƙayinta.

"Manja!" ta ce. "Ku ba ni manja!"

"Don ki ƙarasa ta?" in ji Josephine.

Ba wanda ya motsa. Ebuka ya dubi uwarsa, ya dubi Ƙauna. Sai ya shiga kicin ya fito da kwalba da cokali, ya danƙa mata. Ta tsiyaya a cokalin. Ya kama hannunta ya kai bakinsa ya shanye a gaban kowa, sannan ya ce, "Ki ba ta."

Ƙauna ta durƙusa. "Mama, ki daure ki haɗiye. Kaɗan-kaɗan."

In ba a dace ba, Ƙauna ta san ba aure kaɗai za ta rasa ba.

Can tsohuwar ta yi tari, ta ja dogon numfashi.

"Ku bar yarinya," ta ce da shaƙaƙƙiyar murya. "Ni na buɗe tukunya. Ƙamshi ne ya ja ni, na ɗauki ta sama." Ta share ido. "Chineke, Allahna! Shekaruna a kasuwa, yau ede ta kama ni da sata."

Aka fashe da dariya, mai rufe ƙofa ya buɗe ya sulale. Josephine ma ba a ga fitarta ba. Ƙauna kuwa sai a lokacin kuka ya ƙwace mata. Mama Nnenna ta jawo ta jikinta tana bubbuga bayanta.

"Yi shiru, 'yata. Je ki ƙarasa girkinki, zan jira."

Bayan an tone gwazar shekarar aka ɗaura auren a cocin su Ƙauna. Baba Sati ya sa albarka da Hausa, Mama Nnenna ta sa da Ibo, aka amsa da amin ɗaya. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.

A wajen biki, Ebuka ya raɗa wa amarya, "Gwazata, dubi can."

Mama Nnenna ce zaune gaban babbar tukunyar gwaza, da ashobi da ɗaurin kai, riƙe da muciya. Duk wanda ya miƙo hannu sai ta ɗaga masa muciyar.

"Ba ta dahu ba," take cewa. "Tambaye ni."