Koren Layi a Kan Tsohon Gari

Da hantsi rahoto ya iso wa Sufeto Mainasara a ofishin 'yan sanda na Warra. Kwalekwale ya kife. An tsamo mutum goma sha ɗaya da rai, an tsamo Samuel, wani manomin albasa, babu rai.

Ya tarar da bakin ruwa cike da jama'a. Matuƙin, Ɗangana, yana durƙushe a bayan motar 'yan sanda, jikinsa sharkaf, haƙoransa suna kaɗawa. Dangin mamacin sun zagaye motar da filafilan tuƙa kwalekwale a hannu. Sufeto ya dubi yaransa, su uku kacal. In bai gano gaskiya da wuri ba, gawa za ta zama biyu.

"Me ya kai ka ta wannan hanya?" ya tambayi Ɗangana a hankali.

"Ranka shi daɗe, waya na bi. Ƙungiyarmu ta ce kowa shi bi Jagoran Ruwa, manhajar nan mai nuna hanya." Ya ciro wayar daga ledar da ya rataya a wuya. "Ga koren layi, ya ce nan ta fi aminci."

"Ya faɗi dalili?"

"Ba ya faɗi. Wurin dannawa guda ne: 'Bi wannan.'"

Wata tsohuwa mai sayar da kifi, Uwani, tana cikin waɗanda suka tsira. Ta riƙo rigar Sufeto.

"Ɗana, na yi mashi ihu! Inda ya bi ɗin, nan garinmu yake kafin ruwan dam shi ci shi. Tsamiyoyinmu na nan tsaye ƙarƙashin ruwa. Mu ta mashigin gungu, gefen tsibirin can, muke bi tun ina yarinya."

Sufeto ya duba wayar. A kan mashigin gungu an shafa ja, alamar haɗari.

Ya aika aka kira Mustapha, sakataren ƙungiyar masu kwalekwale, wanda manhajar take hannunsa.

"Yallaɓai, na'ura ce mai koyo da kanta," in ji Mustapha. "Masunta ke tura mata rahoto, ita ke zaɓen hanya. Ni ban taɓa komai ba."

"Ara mini wayarka."

Sufeto ya jera wayoyin biyu a kan bonet ɗin motar. Iri ɗaya ne, sai abu guda. A ta Mustapha akwai ƙaramin rubutu a ƙasa: "Me ya sa?"

"Ina na Ɗangana?"

"Na ɓoye masu shi, kada shi rikita su. Ba su yi boko ba."

Sufeto ya danna. Wayar ta rubuta cewa an kauce wa mashigin gungu saboda rahoton kututture goma sha huɗu cikin mako biyu. Duka daga lamba ɗaya suka fito.

"Lambar wa?"

"Ban... ban gane ta ba."

Wani dutse ya daki gilashin motar. Ɗangana ya rufe kansa yana salati. Sufeto ya ɗaga murya ya kira Tamada, yayan mamacin.

"Zo ka raka mu. Ka gani da idonka."

Suka shiga jirgi tare da Mustapha har mashigin gungu. Tamada ya yi ta zura gora cikin ruwa. Babu kututture ko ɗaya. Sai jarkoki jere suna yawo, kowace ɗaure da raga, kowace da jan fenti. Sufeto ya dubi faratan Mustapha, ya ga jan fenti a cikinsu. Sannan ya buga lambar nan.

Wata waya ta daban ta yi ƙara a aljihun wandon Mustapha.

Mustapha ya zauna a cikin jirgin.

"Nan kifi yake taruwa, Yallaɓai. Sau biyu farfelar injin jirgi tana yanke mani raga. Na ce bari in sa na'ura ta kori masu kwalekwale daga nan. Wallahi ban san kan tsamiya za ta kai su ba."

"Shi ya sa ka ɓoye dalilin?"

"Da sun gani, da sun gane ƙarya ce."

Da suka dawo gaɓa, Tamada ya yi wa danginsa magana, filafilai suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Aka sa wa Mustapha ankwa, aka shigar da shi mota.

Sufeto ya nuna wa Ɗangana rubutun da aka ɓoye masa, ya karanta masa sannu a hankali.

Ɗangana ya dubi ruwa.

"Kututture a mashigin gungu?" ya ce. "Shekara ashirin ina bin hanyar nan. Da na ji wanga jiya, da Samuel na gonarsa yanzu."