Bushiyar da Ta Faɗi Sunan Mardiyya

Maɗinkiya tana da hannu goma sha biyu, kuma ba ta yarda ko ɗaya ya huta. Wani hannun ya zaro rigar raƙumi ta ulu daga marataya, wani ya buɗe cikinta, bututu ya sauko daga sama ya hura auduga, sai ga raƙumin da ɗazu yake yashe kamar tsohuwar safa ya miƙe da tozonsa. Allura huɗu suka bi cikinsa a guje. Kafin yaron da ya zaɓe shi ya gama tsalle, raƙumin ya ƙifta ido, ya ce da muryar uban yaron sak, "Nasiru, ka yi sallah kuwa?" Shago ya ɗauki dariya, uban ya fi kowa.

Wannan shi ne Gidan Cushe, a hawa na talatin da ɗaya na Kasuwar Sama, cikin Funtuwa ta shekarar 2094. Garin bai bar auduga ba, gonakin ne kawai suka tashi tsaye. A cikin dogayen benayen gilashi ake nomanta yanzu, rani da damina, kuma bututun Maɗinkiya, na'urar ɗinkin shagon, daga can yake zuƙo ta kai tsaye, da ɗuminta. Yaro zai zaɓi dabbar da yake so, ya taka feda ya cusa mata auduga da ƙafarsa, ya sa mata ido da wutsiya. Amma abin da ke tara layi har bakin lif shi ne ƙwayar murya, wata 'yar na'ura da ba ta fi ƙwallon dabino ba. Uwa ko uba za su riƙe ta a tafin hannu, su kira sunan yaron sau uku. Daga nan ƙwayar ta haddace muryar, a jefa ta cikin audugar a ɗinke, 'yar tsana ta riƙa magana da bakin iyaye.

A cikin layin nan akwai Zinatu, direbar jirgin igiya mai kai ma'aikata benayen auduga, da 'ya'yanta biyu. Iklima mai shekara biyar ta manna hanci a gilashi, tana ba Maɗinkiya umarni tun ba a zo kansu ba. Mardiyya mai shekara tara kuwa sai ƙirga mutanen da ke gabansu take yi. Wata uku ta yi tana naci a kan zuwan nan. Ta yi shara ba a sa ta ba, ta yi wanke-wanke har da na maƙwabta. Kowa a gida ya ɗauka 'yar tsana take so. Tarko ta ɗana wa uwarta.

Mardiyya 'yar fari ce, kuma tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sunanta a bakin Zinatu ba. Zinatu a hannun kakarta ta tashi, a ƙauye, inda mace ke kunyar ɗanta na fari: ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi ko da zuciyarta za ta fashe. A Funtuwa ta yanzu da wuya ka sami mace ɗaya cikin dubu mai wannan alkunya, amma Zinatu ta zo da tata birni, ta hau jirgin igiya da ita. "Ke" take cewa, in kuma da mutane, "yarinyar nan". Ƙawayen Mardiyya duk suna da 'yan tsanan da ke kiransu da muryar uwa. Ta yi lissafinta tsaf: a Gidan Cushe ba a ɗinkewa sai an faɗi suna. Yau ko ana ha maza ha mata sai ta ji.

Da layi ya zo kansu, Iklima ta wuce zomaye da barewa ko kallo ba ta yi musu ba, ta cafko kura.

"Duk dabbobin nan ki rasa abin ɗauka sai kura?" in ji Zinatu.

"Tana kama da Kawu Sale in yana dariya."

Ta hau feda da ƙafa biyu. Auduga ta yi ta shiga, kura ta yi ta kumbura. Mai shagon, Injiniya Kallamu, wanda shi ya ƙera Maɗinkiya da ƙwayar muryar duka, ya matso yana dariya ya ce ta isa haka.

"A ƙara mata, ba ta ƙoshi ba," in ji Iklima.

Kurar ta fito kamar tulu mai kunnuwa. Aka miƙa wa Zinatu ƙwaya, ta ce "Iklima, Iklima, Iklima," da irin saurin wadda ta saba kiran sunan nan sau ɗari kafin azahar. Aka ɗinke. Kura ta buɗe ido ta ce, "Iklima, sauko daga nan." Iklima, wadda a lokacin tana kan hawa teburin maɓallai, ta diro da sauri kafin ta gane wa ya yi magana. Har Zinatu sai da ta dara.

Mardiyya ta zaɓi bushiya mai ƙayoyin ulu masu laushi. Ana barin mutum ya kawo ƙyallensa a ɗinka cikin dabbar da shi, ita kuma ta riga ta hango wani mai walƙiya. Sai ta ji an taɓa kafaɗarta. Zinatu ta zaro wani dogon ƙyalle daga jaka, saƙar hannu, fari da shuɗi, ya koɗe, ta miƙa mata tana kallon wani wajen.

"Ke, ungo. Wani tsumma ne na gani a ƙasan akwati, in zai yi."

Mardiyya ba ta so ba, amma yau ba ranar musu ba ce. Maɗinkiya ta yanka ƙyallen, ta haɗa shi da bayan bushiyar. Yarinyar ta taka feda a hankali, ta zaɓi ido baƙaƙe ƙanana, ta tsaya. Injiniya Kallamu ya ɗora ƙwaya a tafin Zinatu.

"Bismillah, Hajiya. Sau uku."

Zinatu ta dubi ƙwayar, ta dubi layin da ke bayanta. Direbar da ke ratsa iska da mutum tamanin ba ta ko gezau, yau ga gumi a goshinta.

"Malam, ba za a ɗinke ta haka ba? Ba sai ta yi magana ba."

"Suna ne kawai, Hajiya."

"Ai ta san sunanta."

"Umma ba ta faɗin sunan Yaya," in ji Iklima da ƙarfi, don kada wani a hawa na talatin ya ce bai ji ba. "Ke take ce mata."

Mardiyya ta ɗaga kai ta dubi uwarta, idonta ya cika. "Umma, sau ɗaya ma ya isa."

Zinatu ta kawar da kai.

Fuskar Injiniya Kallamu kuwa sai ta washe. Mutumin kirki ne, matsalarsa ɗaya: bai taɓa ganin abu a rufe ya ƙyale shi ba. Ya san alkunya, kakarsa ta yi wa mahaifinsa, kuma tun yana yaro yake mata kallon tsohuwar cuta da ba a samo maganinta ba. To shi ya samo. Shekara biyu yana gina wata manhaja da ya sa wa suna Ciko, ranar Litinin zai ƙaddamar da ita. Ciko tana tsintar sautuka daga maganar da mutum ya riga ya yi, ta harhaɗa kalmar da ya ƙi faɗa. Ba ta tsaya nan ba. Kowane ma'aikacin sufuri yana sanye da awarwaron lafiya mai rubuta bugun zuciyarsa, da lokaci, da wurin da yake. Ciko takan karanta wannan ta cikin tafin hannu, ta gano abin da ke motsa zuciyar, ta mayar da shi magana.

"Hajiya, kwantar da hankalinki, an hutar da ke," ya ce, yana rawar jiki kamar yaron da aka ɗinka wa kayan sallah. Bai jira ta ce to ba, ya danna maɓalli. Ƙwayar ta yi haske a hannunta, awarwaron ya amsa. Wani hannun Maɗinkiya ya ɗauke ƙwayar, ya jefa cikin bushiya, allura suka rufe.

Bushiya ta ƙifta ido.

"Mardiyya," ta ce.

Muryar Zinatu ce, har da 'yar dishewar da ke kama ta in ta sha iskar jirgi. Mardiyya ta ƙanƙame bushiyar, ta yi tsalle, tana dariya hawaye na zuba.

"Mardiyya, 'yata ta fari," bushiyar ta ci gaba. "Kullum ƙarfe bakwai da rabi, in jirgina ya zo saitin makarantarku, zuciyata takan ƙara gudu. Nemanki nake yi a cikin yara. Ba ta kwanciya sai na hango ki."

Mutanen layi suka ɗauki tafi. Wata mata ta share ido, wani ya ɗaga waya yana ɗauka. Injiniya Kallamu ya ji kamar ya taka rawa. Zinatu kuwa ji ta yi kamar an kware mata zane a tsakiyar kasuwa. Abin da ta shekara tara tana ɓoyewa, wanda ko mijinta bai sani ba, ga shi an zazzage shi a gaban baƙi da muryarta. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ratsa layin ta fita.

Mardiyya ba ta lura ba tukuna. Ta matsa cikin bushiyar, bushiyar ta ce "Mardiyya." Ta sake matsawa, ta sake faɗa. Sau biyar, sau goma, kowane daidai da na baya, babu ragi babu ƙari. Ta juya don ta ga fuskar uwarta yayin da sunan ke fita, sai ta ga wurin wayam. A gefenta kura tana ta kiran Iklima, can raƙumi yana kiran Nasiru, wata giwa tana kiran wata Sajida. Duk shagon kiran suna ake yi, nata ya shige cikinsu ya ɓace. Daɗin da ta shekara tana jira ya tsiyaye tun bai kai minti biyar ba, sai kunya da tausayin uwarta suka maye gurbinsa.

Wata tsohuwa da ta kawo jikanta ta sunkuyo, ta shafa cikin bushiyar, ta kai hanci.

"'Yar nan, kin san mene ne wannan? Majanyi ne, da shi ake ɗaure goyo. Ji ƙamshin turaren akwati. Wannan ba tsintarsa aka yi ba, ajiye shi aka yi."

"Nawa ja ne," in ji Iklima. "Umma ta ba matar Kawu Sale tuntuni."

Mardiyya ta daɗe tana kallon ƙyallen. Shekara tara yana ninke ana sa masa turare, yau kuma an miƙa shi ga almakashi saboda ita, an kira shi tsumma. Ta ɗora bushiyar a teburin Injiniya.

"Malam, don Allah a cire ƙwayar."

"A cire? 'Yata, babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Duk abin da ta faɗa daga zuciyar mahaifiyarki ya fito."

"Na sani. Amma ba ita ta ba ni ba, kai ka ɗauko."

Ya buɗe baki zai yi bayanin yadda Ciko ke aiki, ya ga bayanin ba zai amsa abin da ta faɗa ba. Ya ba da umarni. Maɗinkiya ta ɗan tsaya, don tun da aka ƙera ta ba a taɓa sa ta farke ɗinki ba. Sannan ta warware zaren a hankali, ta zaro ƙwayar ta ajiye a tebur, ta mayar da ɗinkin.

Zinatu tana tsaye a bakin babbar taga, tana kallon jiragen igiya suna wucewa. Ta ji tafiyar yaran, ba ta juyo ba.

"Ke, kin gama ɓata mana lokaci?"

"Na gama, Umma."

Zinatu ta saci kallon bushiyar, ta ga sabon ɗinkin, ta ga ba ta magana. Ta miƙa hannu ta gyara wa yarinyar ɗankwali da ƙarfi, kamar mai jin haushi, sai dai hannun ya daɗe a kan fiye da yadda gyaran ke buƙata. Mardiyya ta rungume bushiyarta ta bi bayanta, Iklima tana jan kura ta wutsiya.

A cikin shago layi yana jira, Maɗinkiya ta ɗaga hannuwanta goma sha biyu tana sauraron umarni, amma Injiniya Kallamu ya kasa ɗauke ido daga ƙwayar. Ba zai iya jefa ta a kwandon shara ba, zuciyar mutum ce a ciki. Ba zai iya mayar wa mai ita ba, ita ma ba ta nema ba. Ranar Litinin ya shirya sa irinta a hannun duk wata uwa a garin. Ya ɗauke ta don ya rasa abin yi, ɗumin tafinsa ya tashe ta.

"Mardiyya," ta ce.

Babu wanda ya amsa.