Geron da Danda Bai Saba Ci Ba

A falon Alhaji Illiassou da ke Sevran, a gefen Paris, can saman bene, Moctar ya tanƙwashe ƙafa a kan darduma ya sunkuyar da kai kamar salihin bawa. Salihin ne kuwa, ban da bakinsa. Wannan baki tun a Damagaram yake jawo masa duka, shi ya raba shi da makaranta, kuma ko da ya tsallako Faransa bai baro shi a gida ba.

Daga Lyon ya zo, don Alhaji ya ce yana son ganin yaron da 'yarsa Mutmainna ta ƙi sauraron kowa saboda shi. A Lyon ɗin suka haɗu lokacin da take karatun aikin jinya.

Hajiya Husainatu, uwar yarinyar, ta leƙo daga kicin da kwalbar turare a hannu, ta fesa sama ta fesa ƙasa.

"Alhaji, ni dai wari nake ji."

"Warin me kuma, Hajiya?"

"Na doki mana! Yara masu digiri suna ta sallama a ƙofar nan, ita ta tafi ta kwaso mana mai kwasar kashin dabba."

Alhaji ya gyara zama ya dubi Moctar.

"Da gaske aikin doki kake yi, yaro?"

"Da gaske ne, Baba. Akwai wata barga a bayan garin Lyon inda 'ya'yan Nasara ke koyon hawa, nan nake. Har nawa na kaina gare ni."

Wannan kam gaskiya ce. Danda sunan dokin, saboda farin da ke goshinsa da ƙafafunsa. Tsohon dokin tsere ne da aka gama morarsa, har an yi shirin kai shi wurin mahauta, don mutanen ƙasar nan, Allah ya kiyaye, har doki ci suke yi. Moctar ya tattara abin da ya tara ya fanshe shi. Kullum da asuba yakan baro ɗakinsa a unguwar Minguettes, kafin ya taɓa dokin kowa sai ya goge nasa, ya taje masa geza, ya ƙwaƙule masa kofato, yana ba shi labaran ƙarya, Danda yana kaɗa kunne.

Idon Alhaji ya kawo haske. Shi ɗan gidan dawaki ne, mahaifinsa turke uku gare shi a Damagaram, amma tun da fatauci ya kawo shi Paris rabonsa da shafa wuyan doki.

"Allahu akbar! To me kake ba shi?"

Amsar gaskiya ita ce busasshiyar ciyawa da wani ɗan abinci mai laushi da likita ta auna, don cikin Danda ya tsufa, ba ya ɗaukar canji ko kaɗan. Amma Moctar ya kalli fuskar tsohon nan tana walƙiya, sai bakin ya riga hankalin fita.

"Gero mana, Baba! Gero da kanwa, irin na gida. Ni ban yarda da abincin Nasara ba. Da na fara ba shi gero, Baba, har masu tsere suka dawo suna roƙona in mayar musu da shi!"

A kicin wani cokali ya faɗi ƙasa. Mutmainna ce, ita da ta sha zuwa barga, ta san abin da Danda ke ci.

Alhaji ya buga cinya. "Kin ji, Hajiya? Wannan ɗan halak ne! Doki ba kanwa ai ba doki ba ne."

Da ta rako shi tashar jirgi, Mutmainna ba ta yi dariya ba duk da ya yi ta kwaikwayon yadda Hajiya ke fesa turare.

"Moctar, me ya kai ka?"

"Haba chérie, masoyiyata, ɗan gishiri ne na sa wa zancen. Ba ki ga tsohon ya ji daɗi ba?"

"Na gani. Shi ya sa nake tsoro."

Ba a daɗe ba Alhaji ya ce sai ya je ya ga dokin da idonsa. Ranar wata Asabar suka sauka a Lyon shi da Mutmainna, yana jan akwati mai taya. Moctar ya zaci tufafi ne. Sai da suka isa barga Alhaji ya zuge akwatin: buhun gero ne na cikin kayan kantinsa, mai kyau, da dunƙulen kanwa a ƙulle cikin tsumma.

Ya naɗe hannun babbar rigarsa ya shiga wurin Danda kamar ya ga ɗan'uwa. Ya buɗe masa baki ya duba haƙora, ya ɗaga kofato, ya shafa wuyansa yana yi masa kirari ƙasa-ƙasa irin wanda ya ji a bakin mahaifinsa. Danda kuwa, mai son mutane, ya ɗora masa haɓa a kafaɗa.

"Miƙo mini bokitin can, yaro."

Moctar ya miƙa. Alhaji ya juye gero har ya kusa baki, ya jiƙa kanwa a wani bokitin.

Mutmainna ta zuba wa Moctar ido. Ya ji idon a jikinsa kamar garwashi.

"Baba... ai ya ɗan ci da safe."

"To sai me? Ba ka ce ya saba ba? Yau daga hannuna zai ci."

Nan fa Moctar ya tsaya. Kalma ɗaya ce ake buƙata. Amma yaya zai dubi uban yarinyar da yake nema ya ce masa a'a? Yaya zai ce, Baba, ƙarya na yi maka a cikin falonka? Kunya ta riƙe masa harshe, wannan harshen da ba a taɓa riƙewa ba. Ya ce a ransa ai sau ɗaya ne, Allah zai tsare.

Danda ya sa kai ya cinye tas, ya sha ruwan kanwa, ya ɗago yana lashe baki. Alhaji ya yi dariya har da ƙwalla, ya ƙara masa.

A tasha, kafin su hau jirgin komawa, Alhaji ya dafa kafaɗar Moctar ya ce, "Ka aika gida a gaya wa manyanka su yi mini magana."

Moctar ya koma barga yana tsalle. Yana shiga murnar ta mutu. Danda na tonon ƙasa da ƙafa, yana waiwayen cikinsa, jikinsa sharkaf da gumi. Ya kwanta ya yi birgima, ya tashi, ya sake faɗuwa.

Aka kira Yasmine, likitar dabbobin da ke duba dawakin bargar. Tana taɓa cikin ta juyo.

"Me ya ci?"

Ya gaya mata.

"Bokiti guda? Moctar, c'est pas possible, ba zai yiwu ba! Kai da ka fi kowa sanin cikinsa? Kana ina?"

"Ina tsaye," in ji shi.

Ta yi duk abin da za ta iya. Moctar ya ja ragama ya yi ta zagaye da shi a fili yana roƙonsa kada ya kwanta, yana yi masa alkawura. Washegari da hantsi Yasmine ta ce hanjin ya murɗe, kuma tsufansa ba zai ɗauki tiyata ba, barinsa haka azaba ce. Moctar ya zauna a cikin ciyawa ya ɗora kan Danda a cinyarsa, ta yi masa allurar da za ta hutar da shi har abada. Kunnen nan da ke kaɗawa idan ana ba shi labari ya kwanta bai sake tashi ba.

Da ya kira Mutmainna ya gaya mata, ta fashe da kuka. Sai ya ce, "Ki gaya wa Baba tsufa ne kawai."

"Wata ƙaryar kuma, Moctar?"

"So kike in ce masa hannunsa ne?"

Ta faɗa wa ubanta yadda ya ce. Alhaji ya ajiye kofin shayinsa.

"Tsufa? Dokin da na duba da idona jiya-jiya, na ba shi gero ya cinye? Sakaci ne! Ya bar shi ya kwana a sanyi, ko ya tafi yawon surutunsa. Wanda ya kasa riƙe amanar dabba ba zan ba shi 'yata ba. A gaya wa manyansa su dakata."

"Ai na faɗa tun ranar farko," in ji Hajiya.

Mutmainna ta shiga ɗaki ta kira Moctar.

"Na rufa maka sau biyu, ba zan yi na uku ba. Ba kuma zan tona ka ba, kai za ka zo ka faɗa da bakinka. Ina jiranka, ko shekara nawa ne, ba zan saurari kowa ba. Amma ka ji da kyau: ba zan zauna da mijin da zai ga ana miƙa mini abin da zai kashe ni ya yi shiru don kunya ba."

Ta kashe wayar.

Lokacin sanyi ya shigo ya fita. Moctar na nan yana share ɗakunan dawakin mutane. An sa wata goɗiya a wurin Danda, shi kuwa kullum sai ƙafarsa ta kai shi ƙofar nan da burushi a hannu kafin ya tuna. Abokan aikinsa da ya saba ɗaure wa igiyar takalmi, yana zuba musu ciyawa a aljihu, har suka fara roƙonsa ya tsokane su. Sau da yawa ya tsara wata sabuwar ƙarya mai kyau wadda za ta wanke shi ta wanke Alhaji, don wannan kam gwani ne, duk Lyon ba na biyunsa. Sai ya tuna ƙarar geron nan yana zuba a bokiti, ƙaryar ta narke a bakinsa.

Ranar wata Juma'a ya hau jirgin Paris. Bayan an sauko daga masallaci ya yi sallama a ƙofar Alhaji. Hajiya ta buɗe, ta kai hannu ga turare, ta ga yadda ya rame, ta fasa.

Ya durƙusa gaban Alhaji bai ko hau darduma ba.

"Baba, Danda bai taɓa cin gero ba sai ranar nan. Ƙarya na yi maka don ka so ni. Da ka zo da geron na san zai cuce shi, na yi shiru don kada ka gane ni. Kai alheri ka kawo. Ni na kashe shi."

Alhaji ya buɗe tafin hannunsa na dama ya daɗe yana kallonsa.

"Har ƙari na yi masa," ya ce a hankali. "Ya ɗora mini kai a kafaɗa, na ƙara masa." Hawaye ya gangaro cikin gemunsa. "Da ka ce mini a'a, yaro, da na ji haushinka na yini ɗaya. Tashi ka tafi."

Moctar ya tafi. Bai kira ba, bai aika kowa ba. Mutmainna ma ba ta ce wa ubanta komai ba, tana zuwa asibiti tana dawowa, tana kai masa shayinsa, idonta kullum a kumbure.

Abin mamaki, Hajiya ce ta buɗe maganar, wata rana suna cin tuwo.

"Alhaji, ni fa har yanzu ban son warin nan. Amma yaron nan ya san in ya faɗa zai iya rasa ta, ya hawo jirgi ya zo ya faɗa. Cikin masu digirin nan wa ka ga zai iya? Kuma kai ma, tsakani da Allah, da ka tambayi mai doki kafin ka juye masa rabin kantinka."

"Na tambaya, Hajiya."

"Ka tambaya da fuskar da ba a iya ce mata a'a."

Alhaji ya ajiye lomar da ke hannunsa.

Bayan babbar Sallah aka ɗaura aure. Alhaji ya aika Damagaram aka zo masa da tsohon linzamin mahaifinsa, ya ba ango. Moctar ya rataye shi a bangon ɗakinsu a Minguettes. Babu bakin da za a sa masa, kuma bai yi gaggawar neman wani dokin ba. Wani lokaci Mutmainna kan same shi tsaye a gabansa, sai ta wuce ta bar shi.

Da Alhaji ya zo ganin ɗakin 'yarsa, ya ce a kai shi barga. Ya tsaya gaban goɗiyar nan, ya laluba aljihu ya fito da dabino, hannunsa har ya miƙe. Sai ya tsaya ya juyo.

"Wannan an yarda ta ci?"

Mutmainna na kallon Moctar.

"A'a, Baba."

"To, madalla," in ji Alhaji. Ya jefa dabinon a bakinsa, ya shafa wuyan goɗiyar da hannu wofi.

To, samari masu zaƙin baki, kun dai ji. Haƙurin Mutmainna ya kai ta ɗakinta, gaskiyar Moctar ta ba shi mata, amma ba ta tayar da Danda ba. Girmama babba wajibi ne, sai dai kunyar da za ta sa ka ga cuta ka yi shiru ba ladabi ba ce. Kalmar da Moctar ya faɗa a ƙarshe ita ce dai wadda aka nema a wurinsa tun ranar da bokitin ke cike.