Furen Mayafi a Bayan Fata

Firjin Umma ne ya haɗa su. Ranar da ya daina sanyi aka kira mai gyara, kuma da yake ƙofar gidan ta cikin shagon dukanci take, dole ya ratsa ta nan da jakar kayan aikinsa.

Ya tarar da ita zaune a gaban teburi, ta lulluɓa jiƙaƙƙiyar fata a kan bindigar katako tana dannawa da guntun ƙashi, tana bin kowane lungu don fatar ta ɗauki siffa. Gidan bindiga take yi, irin wanda masu gadin kamfanoni ke maƙalawa a ɗamara. Yatsunta sun yi ja, gumi na ɗiga daga haɓarta.

"Sannu da aiki," ya ce, sai ya tsaya maimakon ya wuce.

"Firjin yana ciki, Malam. Ni ban lalace ba."

Ya yi dariya. "Wannan dannar har yaushe ake yin ta?"

"Har fata ta ji magana, ko hannu ya gaji."

"Wanne ke rigan wani?"

Ta ɗago ta dube shi da kyau. Duk masu shigowa shagon babu wanda ya taɓa tambayar ta hannunta.

Basilla ake kiran ta. Baba ne ya sa mata tun tana ƙarama, wai bakinta yana huda duk abin da ya taɓa. Ta gama makarantar koyon sana'a ta dawo shagon da kai cike da dabaru, amma duk wadda ta kawo sai Baba ya ce, "Haka muka tarar ana yi." Maganar nan ta rufe shaguna da yawa a layinsu, kuma waɗanda suka rage ba su gaji da maimaita ta ba.

Da Mai Firji ya fito yana goge hannu, ta nuna masa wani bidiyo a wayarta. Wasu dukawa ne suke saka fata da katakon a cikin leda mai kauri, inji ya zuƙe iskar ciki, fatar ta lafe da kanta.

"Injin ne ba mu da shi," ta ce.

"Kuna da shi a cikin gida. Kwampiresan firji baki biyu gare shi, ɗaya na hurawa, ɗaya na zuƙa. Ina da tsofaffi a shagona."

"To, Injiniya."

Sunan da ya bi shi ke nan.

Shagonsa a bakin titi yake, cike da gawawwakin firji. A nan suka riƙa gwaji da la'asar, ƙofa a buɗe, masu wucewa na leƙowa. Ta jiƙa fatar da ruwan ɗumi, ta bar ta ta sha iska har launinta ya fara dawowa, sannan suka rufe ta a leda, ya haɗa tiyo ya kunna. Sai ledar ta manne a bakin tiyon, iska ta maƙale a ciki. Suka sake, haka dai.

"Iskar hanya take nema," ya ce. "Da za a sami ƙyalle mai huda-huda a shimfiɗa a ƙarƙashi."

Ta ɗauki almakashi ta yanke gefen mayafinta, mai saƙar ƙananan furanni.

"Basilla! Sabo ne fa."

"Kunna."

Injin ya yi gurnani, ledar ta tsuke, fatar ta kwanta a kan katakon kamar an zuba ta. Kowane lungu ya fito ras. Aikin da ke cinye mata wuni, ga shi ya kammala kafin shayinsa ya huce. Da suka buɗe ta juya bayan fatar, sai ga furannin mayafinta sun fito a jiki, layi-layi.

Suka yi ta dariya.

"Hatiminmu ke nan," ta ce. Sai ta daina dariyar. "Injiniya, ka yi min alkawari. Babu wanda zai taɓa injin nan sai ranar da Baba ya yarda a kai shi shagonmu. Na gaji da a ce 'yar baduku ba ta iya komai ba sai ɗinki."

"Na yi miki, Basillata. Injin naki ne, mai injin ma haka."

Da yamma ya turo mata saƙo: "Na ajiye guntun mayafinki a kan injin. Duk wanda ya shigo sai ya tambaye ni me nake wa murmushi."

Ta amsa: "Ka ce musu firji ne ya yi sanyi. Ka ci abinci, Injiniyana."

Da ya zo gaida Baba da maganar aure, ya yi kuskuren zuwa da gidan bindigar da suka yi. Baba ya juya shi a hannu, ya daɗe yana kallo, sannan ya ajiye shi a ƙasa.

"Yaro, ni aka kawo wa wannan? Mai gyaran firji zai koya min dukanci da leda? Fatar da hannu bai wahala a kanta ba, ba aiki ba ce. Ba na son injin a shagona, ba na son mai injin a gidana."

Umma ta sa baki daga ƙofa, "Haba Malam, yaron nan..."

"Na gama magana."

Basilla ta yi kuka, ta yi faɗa, ta daina cin abincin rana. Baba bai motsa ba. Sai ma ya rage zama a shagon. Kullum da safe ya ce zai je wajen majema zaɓar fata, ya bar mata aikin dannar ita kaɗai.

A tsallaken titi akwai Mai Gilashi. Ba baduku ba ne, saye yake ya jera a bayan gilashi ya sayar. Ya daɗe yana aiko mata da gaisuwa tana mayar masa da ita yadda ta zo. Wata rana ya shigo yana ƙamshin turare, ya ajiye wani abu a kan teburinta.

"Gimbiya, dubi abin da kamfanin masu gadi ke rububi a wajena. Sun ce na shagonku ya zama tsohon yayi."

Gidan bindiga ne, lafaffe, kowane lungu ras. Ta miƙa hannu ta ɗauka. Da ta juya, ga furannin mayafinta.

"Ina ka samo?"

"Daga injin saurayinki suke fitowa. Ashe bai gaya miki ba?" Ya gyara hula. "Ni dai ba na yi wa mace haka. Riƙe wannan, kyauta."

Ba ta san lokacin da ta tsallaka titi ba. Ta tarar da Injiniya a bayan wani firji, ta jefa masa gidan bindigar a ƙirji.

"Daga injinka ya fito?"

Ya kalli abin, ya kalli ƙasa. "Daga nan ya fito."

"Da mayafina?"

"Basilla, ki zauna."

"Ba zan zauna ba! Mahaifina ya kore ka, na tsaya maka. Ina can ina dannar fata har yatsuna suna tsagewa, kai kana nan kana sayar wa mutumin da ke jiran shagonmu ya rufe. Wa ya yi? Kai ne, ko wani ka ba aron injin?"

"Ba zan iya faɗa miki ba."

"Ba za ka iya ba?"

"Na ba wani kalmata."

"Ni da ka ba tun farko fa? Tawa ta ruwa ce?"

Ta sunkuya ta ɗauki gidan bindigar, ta ce, "Ɓarawo ma yakan bar wa mutum mayafinsa." Ta fita.

Saƙonsa ya biyo ta: "Ban sayar da komai ba, wallahi. Na karya alkawarinki, wannan gaskiya ne, kuma ba zan kare kaina ba. Amma ban ci amanarki don kuɗi ba."

Ta rubuta: "Kada ka sake kira na Basillarka." Ta rufe lambarsa.

Da Baba ya ji labari bai ce ai na faɗa miki ba. Ya tashi ya shige ɗaki. Ita ta ɗauka tausayinta ne ya kama shi.

Kwanaki suka shuɗe. Kamfanin ya janye aikinsa, Mai Gilashi ya ƙara yawan gaisuwa, Basilla ta rame. Gidan bindigar yana kan teburinta, kullum ta kalle shi zuciyarta ta tafasa. Wata safiya, bayan Baba ya fita, ta ɗauki wuƙa za ta farke ɗinkin ta yayyanka shi, ko ta huta.

Ta sa bakin wuƙar a kan zaren, sai ta tsaya.

Ɗinkin allura biyu yakan kwanta a karkace, kuma hannun mai ɗinki ne ke zaɓar masa gefe. Nata zuwa dama yake kwanciya, kamar na kowa a layin. Wannan zuwa hagu ya kwanta. Bahago ɗaya ta sani a sana'ar nan, kuma a kan cinyarsa ta koyi riƙon allura. Ta duba ƙarshen layin, ga zaren an komar da shi baya an ɓoye bakinsa a tsakanin fata biyu, yadda ya sha dukan hannunta a kai. Amma hudar ba ta miƙe ba, nan kusa, can nesa, kamar hannun na rawa.

Sai ta tuna duk fitar safen nan Baba bai taɓa dawowa da fata ko ɗaya ba.

Ta jira shi a tsakar gida. Da ya shigo, a gaban Umma, ta ajiye masa gidan bindigar a kan tabarma.

"Baba, majeman suna lafiya?"

Ya dubi abin, ya zauna a hankali.

"Ɗinkinka ne, Baba. Kai ka ce fatar da hannu bai wahala a kanta ba, ba aiki ba ce. Ka kori yaron nan a gabana, washegari ka bi shi shagonsa. Ka bar ni ina dannar ƙashi, ka kai wa Mai Gilashi aikin da ni na ƙirƙiro. Kana ji na kira shi ɓarawo ka yi shiru!"

"Ke, mahaifinki ne fa," in ji Umma, amma muryarta ba ƙarfi.

Baba ya miƙo hannayensa biyu. Gaɓoɓin sun kumbura, yatsun sun lanƙwashe ba sa miƙewa. Ta yi mamakin yadda suke zaune gida ɗaya ba ta lura ba.

"Sun daina dannawa tun bara," ya ce. "Ranar da ya kawo abin nan, na ga ya fi nawa. A gaban 'yata. Sai bakina ya riga ni." Ya sauke hannayen a cinya. "Na je ne in gani kawai. Ya zaunar da ni, ya kunna min, bai yi min dariya ba. Na roƙe shi kada ki sani. Na kasa jera su a shagona bayan abin da na faɗa, sai na kai tsallake. Ban san wancan zai kawo miki ba."

"Da ka ce hannuna na ciwo, Baba, wa zai raina ka? Kunya ce ta kusa cinye mana shago, ta kusa raba ni da mutumin kirki."

Hawaye ya gangaro masa cikin gemu. "Basilla ce ke, ba ƙarya. Ki yafe min, uwata."

Ta durƙusa ta riƙe hannayen nan, ta yi kukan da ta daɗe tana haɗiyewa.

Da rana tsaka Baba ya sa babbar riga ya bi titi a ƙafa, ita tana biye. Ya tsaya a ƙofar shagon firji ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Injiniya! Ɗauko injin 'yata ka kai shagona. In ka ajiye, ka turo manyanka."

Mai Gilashi yana tsaye a ƙofarsa. Da idonsu ya haɗu da na Baba, ya koma ciki ya hau goge gilashin da ba shi da datti.

Injiniya ya fito rungume da kwampiresan, guntun mayafin a kafaɗarsa. Ya rame shi ma. Basilla ta tare shi.

"Na kira ka sunan da ba naka ba. Ka yafe min."

"Na yafe tun a ranar."

"Amma ni ban gama ba. Ka rufa wa Baba asiri, na gode. Sai dai ka yanke hukunci kai kaɗai cewa ba zan iya ɗaukar gaskiya ba. Kada ka sake. In abu ya shafe ni, ka faɗa min, ko da zan yi ihu."

"Za ki yi kuwa."

"Zan yi."

"Na ji, na ɗauka. In kira sunan?"

Ta kau da kai tana murmushi. "Injin yana da nauyi, Malam. Wuce."

"To, Basillata."

Bayan 'yan watanni aka ɗaura aure. Kafin nan kamfanin ya dawo da aikinsa, dukawa biyu a layin sun zo a haɗa musu nasu injin, kuma ita ce ta koya musu yadda ake jiƙa fata. Baba ya koma kujerar ƙofa yana duba ɗinki yana faɗa, aikin da bai taɓa gajiya da shi ba.

Ranar da za ta bar gida ya kira ta ɗaki, ya miƙa mata ƙunshi. Sabon mayafi ne mai ƙananan furanni, irin wancan sak.

"Na zagaye kasuwa kafin na samo," ya ce. "Wannan na sawa ne. Kada in ji almakashi ya taɓa shi."

Ya ɗora lanƙwasassun yatsunsa a kanta, ya kamo hannun Injiniya ya haɗa da nata.

"Allah Ya yi muku albarka. Ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari, masu faɗa muku gaskiya kamar yadda tawa ta faɗa min."

"Amin," in ji Umma, tana share ido da gefen zaninta.