Layi Biyu da Jan Biro

Ranar Talata da hantsi aka tsinci jirgin a cikin lambatun da ke bayan garejin Bakanike, ya yi rigingine kamar ƙwaron da aka kife. Ba fa jirgin ɗaukar mutane ba. Irin ƙananan nan ne marasa matuƙi, bai fi faranti girma ba, da ido ɗaya a ƙasan cikinsa yana ɗaukar hoton duk abin da ya bi ta kansa. Na Mai Safiyo ne, wani dogon saurayi da aka turo ya auna unguwar saboda za a ja sabuwar magudanar ruwa.

Shi da kansa ya gano abinsa bayan ya yi awa guda yana zagaye. Fiffike ɗaya ya karye, cikin ya huje, ɗan katin da hotuna ke taruwa a kai kuma babu shi. Ya rungumi gawar ya tafi ofishin 'yan sanda yana cewa an harbo masa jirgi.

To kun san kalmar harbi, da ta shiga kunne sai hankali ya tafi kan bindiga. A duk unguwar kuwa mutum ɗaya ke da ita, Maigadin shagon katako, dattijo mai 'ya'ya shida. Ga shi bakinsa ya riga ya ja masa, don an ji shi yana cewa in abin nan ya sake bi ta kansa sai ya sauko da shi. Ogan 'yan sanda bai tsaya dogon tunani ba, kafin tsakar rana an rufe Maigadi. Aka sa Alhamis za a kai shi kotu, mai shagon kuma ya aiko cewa duk ranar da ya taka kotu, kada ya sake zuwa masa bakin ƙofa.

Laraba da safe aka miƙa wa Sajan fayil ɗin, aka ce ta ƙarasa rubutu kawai. Sajan mace ce gajera, marar yawan magana, kuma a unguwar nan aka haife ta, aure ne ya ɗauke ta. Ba ta taɓa alƙalami ba. Ta ɗauki jirgin ta girgiza, sai ta ji wani abu yana ƙwal-ƙwal a ciki. Ta sa tsinke ta zaƙulo shi. Noti ne ƙarami, fari, mai sheƙi. Ta shinshina jirgin ta ji ƙamshin sabulu, cikinsa ma da sauran laima, alhali lambatun nan ya fi wata biyu bai ga ruwa ba. Ta jefa notin a aljihu, ba ta faɗa wa kowa ba, har Kofur da ke tafiya da ita.

Daga nan ta sa aka ɗauko bindigar Maigadi. Ta leƙa bakinta, sai ga gidan zanzaro ya toshe ta tsaf, ƙasar ta bushe ƙamas. Da ta je wurinsa, bawan Allahn nan bai iya ɗaga kai ba. A hankali ya gaya mata cewa rabon bindigar da harsashi shekara bakwai, riƙe ta kawai yake don ɓarayi su gani. Ya roƙe ta kada mai shago ya ji wannan, sannan in ta bi ta gidansa ta ce wa yara ya yi tafiya.

Oga ya saurari maganar zanzaro yana danna waya. Ya ce mutum ya yi barazana a gaban jama'a, wa ya san abin da ya yi amfani da shi? In tana da wani ta kawo kafin a tashi aiki, in babu, gobe kotu.

Ta fara da Mai Safiyo. Ya rantse jirginsa tafiya yake miƙe a kan titi, bai tsaya a kan gidan kowa ba.

"Da wace waya kake ganin inda yake?"

"Da wannan."

"Ba ni."

Ta duba kiran jiya. Tara da minti goma sha biyu an kira shi, an yi minti goma sha ɗaya ana magana. Ta juya masa wayar. Saurayin ya shiga sosa ƙeya. Budurwarsa ce ta kira, suna cikin rigima, kiran ya rufe fuskar wayar, shi kuwa ya tsayar da jirgin cak a sama ya juya baya yana ba da haƙuri. Ya saukar da shi ƙasa-ƙasa kuma, don yana auna katanga. A kan gidan wa? Bai sani ba, cikin gidaje huɗun da ke bayan gareji dai.

Gida biyu na ma'aikata ne, tun bakwai suke kulle ƙofa. Na uku na Tela ne, wata mata mai tabarau kamar gindin kwalba. Ta ce in kekenta na gudu ko gini aka rushe ba ta ji, kuma ita da zare ma sai ta yi minti biyar kafin ya shiga allura, ina ita ina harbin abin da ke sama.

Na huɗu kuwa, Sajan ta daɗe a tsaye kafin ta ƙwanƙwasa. Gidan Hedimasta ne, wanda ya koya mata karatu tun tana share hanci da hannun riga. Shekara goma sha ɗaya rabonta da ƙofar nan, kullum tana cewa za ta zo gaisuwa.

Ya buɗe kaɗan ya fito, ya ja ƙofar a bayansa. Ya rame, hannayen rigarsa a jiƙe har gwiwar hannu, amma jan biro na nan a aljihun gaba kamar da. Ya dube ta sau ɗaya.

"Lamba Tara," ya ce. Haka yake kiran ɗalibansa, da lambar rajista, kuma bai taɓa manta ko ɗaya ba.

Ta rusuna da kakinta ta gaishe shi. Ta tambayi lafiyar Mama, matarsa, ya ce tana hutawa. Bai ce su shigo ba, mutumin da a da ko mai karanta mita sai ya sha ruwa a gidansa. A tsaye Kofur ya yi tambayoyi, ya rubuta a kan gwiwarsa: "Ina cikin gidana lokacin da aka harbo jirgin da bindiga. Ban ji karar harbi ba."

Hedimasta ya karɓa zai sa hannu. Ya karanta, sai hannunsa ya tafi aljihu da kansa. Ya ja layi ɗaya a ƙarƙashin "karar", ya sa mata ƙugiyarta ta koma "ƙarar". Ya ɗan tsaya. Sannan ya ja layi biyu a kan "da bindiga", ya sa hannu, ya shige.

Kofur ya yi ta dariya a hanya, wai tsohon malami ko takardar mutuwarsa aka kawo sai ya yi mata maki. Sajan ba ta yi dariya ba. Ta sallame shi, ta wuce gareji.

Bakanike ya fito daga ƙarƙashin wata bas yana cewa jiya tun safe a nan yake, direba da fasinjoji shaida ne. Ta nuna masa notin. Ya juya shi a tafin hannu ya ce wannan ba na mota ba ne, ba na babur ba. Na keken da ake tura marasa lafiya ne, wanda ke riƙe matakin ƙafa.

Allah Sarki. Da ma a ce bai sani ba, haka ta ji a ranta.

Ta koma ita kaɗai. Wannan karon da ya buɗe, bai tare ƙofar ba. Tsakar gidan a share take fes. Ga bishiyar gwaiba, ga babban baho na ruwan sabulu, ga zannuwan gado shida a kan igiya. A inuwa kuma ga Mama a keken marasa lafiya, an lulluɓe ta da bargo, baki ya karkace, hannu ɗaya a naɗe a cinya. Mamar da ta ɗinka wa rabin unguwa kayan makaranta. Matakin ƙafar keken na hagu an ɗaure shi da waya.

Sajan ta durƙusa ta gaishe ta. Idanun kawai suka amsa. Ta ciro notin ta ajiye a hannun kujera.

"Malam, a ajinka layi ɗaya kuskure ne."

Ya dubi notin. Ta ci gaba.

"Layi biyu kuma ƙarya ce. Ranar da na rubuta cewa akuya ta cinye min littafi, layi biyu ka ja. Duk garin nan an tafi a kan bindiga ce. Ni kaɗai na san ba ita ba ce, sai wanda ya yi harbin."

Ya zauna a bakin baranda. Ita ma kanta a ƙasa yake, don ba ta taɓa tsammanin ranar da za ta yi wa wannan mutum tambaya yana amsawa ba. Ta ƙarasa dai, tun da aiki ne. Ta ce jirgin a ruwan sabulu ya faɗa, ba a lambatu ba, ga baho nan. Wanda ya cire kati kuma ba jirgin ya tsana ba, abin da jirgin ya gani ne ba ya so a gani.

Sai ya ba ta labari, yana kallon ƙasa. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikin Mama ya shanye. Ba ta yarda kowa ya taɓa ta sai shi, shi kuma bai gaya wa kowa yadda abin ya kai ba. Kullum da hantsi yake fito da ita rana ya yi mata wanka a tsakar gida, saboda sanyin ɗaki na sa ta rawar ɗari. Jiya yana cikin cuɗa mata baya sai abin nan ya zo ya tsaya a kansu, da idonsa a ƙasa. Ya rufe ta da tawul. Ya ɗaga hannu, ya yi ihu, abin bai motsa ba. Shi kaɗai ba ya iya ɗaga ta da sauri. Ya duba fuskarta ya ga tana kallon sama, hawaye na bin kuncinta, ga baki ba ya magana. Sai ya ɗauko danƙon da yake korar tsuntsaye daga gwaiba. Tsakuwa biyu suka wuce. Na uku, hannunsa ya faɗa kan notin da ya kwance tun shekaranjiya yana jiran a ɗaura. Jirgin ya faɗo cikin baho, ya tsamo shi ya cire katin, ya wurga shi lambatu ta kan katanga.

"Ni da na ƙwace danƙo ya fi ɗari a hannun yara," ya ce.

Ya ciro wata ambulan daga aljihu, katin na ciki. Bai lalata shi ba, wai ba kayansa ba ne.

"Malam, Maigadi ya kwana a rufe. Gobe kotu."

"Na sani. Tun jiya na sani." Ya goge fuska da hannun rigar da ke jiƙe. "Sau uku ina sa takalmi."

Ya ce ba zai iya barin Mama ita kaɗai ba. Sajan ta ce to sai a kira maƙwabciya. Ya daɗe kafin ya gyaɗa kai. Da Tela ta shigo, ba ta yi mamakin komai ba. Ta ce katanga ɗaya ce tsakaninsu, in keke ya tsaya tana jin komai, shekara biyu tana jira a ce mata shigo. Ta ja kujera kusa da Mama ta kama hannunta mai lafiya. Mama ba ta janye ba.

A ofis, da ganin Hedimasta Oga ya ajiye waya ya miƙe tsaye, ashe shi ma ɗalibinsa ne, Lamba Ashirin da Biyu. Mai Safiyo ya ji abin da jirginsa ya tsaya yana kallo minti goma sha ɗaya, ya rasa inda zai sa fuskarsa. Da aka miƙa masa katin, aikin kwana uku na ciki, ya karya shi biyu a gaban kowa, ya ce zai sake awon, kuma zai fara ƙwanƙwasa ƙofofi tukuna. Maganar jirgi aka bar su su daidaita.

Aka fito da Maigadi, takalma a hannu. Hedimasta ya je gabansa zai durƙusa, dattijon ya yi maza ya riƙe shi. Ya ce da ya sani, da ya hau katanga ya kori jirgin da sanda. Sannan ya tambayi Sajan a hankali ko ta riga ta je gidansa. Ta ce ba ta je ba. Ya ce to madalla, gara ya je ya faɗa musu da bakinsa.

Hedimasta ya ce shi zai rubuta bayaninsa da hannunsa. Ya zauna a benci ya cika shafi guda da rubutun nan nasa mai kama da na inji. Ya karanta daga sama har ƙasa, ya ciro jan biro, ya yi wani abu, ya miƙa mata.

Babu kuskure ko ɗaya. Jimlar ƙarshe ce kawai ta ce: "Na harbo jirgin don in rufa wa matata asiri, kuma don ita na yi shiru aka rufe wani." A kan "don ita" ya ja layi biyu, a sama ya rubuta "don kaina".

Sajan ta sa takardar a fayil. Ta je gareji ta aro sifana, ta raka shi gida, ta durƙusa a gaban keken Mama ta kwance wayar nan, ta mayar da notin mazauninsa.