Toka a Kan Alayyafo

Ranar da Delu ta fara ganin Lawal, ɗinki ta kai wa ƙawarta Mero a Kwarbai. Sai ta tarar da Lawal ɗin, yayan Mero, a bayan ɗaki, wando a nannaɗe, yana ɗebo ruwa daga wata tsohuwar ganga yana zubawa a baho cike da tsakuwa. Cikin tsakuwar alayyafo ne da tumatir, kore shar.

"Shuka ba ƙasa?" ta ce, ko gaisuwa ta manta.

"Leƙa gangar," in ji shi. Tarwaɗa ce fal. "Kashinsu ne takin ganyen. Ganyen ya tace ruwan, ya gangara ya koma musu."

Nan take ta raɗa masa suna Sarkin Ruwa. Ya ce ya karɓi sarautar, in dai ita ce gimbiya. Daga ranar, ɗinkin nan ya ƙi ƙarewa.

Mahaifinta Malam Tanko bai so zancen aurensu ba. Ga wani akawu mai albashi da babur yana ta sintirin neman Delu a unguwarsu Ƙofar Galadima, me za a yi da wanda ya gama karatun gona ya rasa aiki, ya koma wasa da ruwa? Da ƙyar mahaifiyarta ta shawo kansa.

"Ran Juma'a bayan masallaci zan je in gani," ya ce. "In abin zai ci da iyali, to."

Ran Laraba Delu ta leƙa gidan su Mero, Lawal ya fita kasuwa. Ta ga ƙwari sun soma huda ganyen. Haba, Baba ya zo ya ga haka? Ta yi abin da kowace mace a birni ke yi: ta kwaso toka a murhu ta barbaɗe shukar tas, ta bi da ruwa yadda ta ga yana yi. Ta koma gida tana jin daɗin kanta.

Da safe sai ga Mero, ido jajur.

"Kifin Yaya sun mutu, sun juya ciki sama. Ya wanke ganyen, ya zubar da ruwan, bai ce da kowa komai ba."

Nan take Delu ta gane. Tokar ce ta bi ruwa ta shiga gangar. Da hannunta ta kashe abin da ya yi wata da watanni yana tattali, ta kashe aurenta tare. Ta so ta faɗa, kunya da tsoro suka ɗaure mata baki.

Ran Juma'a ta laɓe a ɗakin Mero. Malam Tanko ya leƙa gangar, 'yan tsiraru ne ke motsi.

"Me ya kashe su?"

"Sakacina ne, Baba," in ji Lawal, kansa a ƙasa.

Wannan kam ta kasa haɗiye shi. Ta fito mayafi a karkace, ta durƙusa.

"Baba, ni ce. Ni na zuba toka. Wallahi gyara na nufa."

Malam Tanko ya juya ga Lawal. "Ka sani?"

"Na sani. Amma ni ne ban gaya mata toka na kashe kifi ba."

Dattijon ya tsinki ganye ɗaya ya daɗe yana juya shi.

"Ni ban san kiwon kifi ba," ya ce. "Amma na ga wanda zai riƙe mini 'ya. Ka turo magabatanka."

Bayan damina aka ɗaura aure, gangar ta sake cika. Da amarya ta tare, ta tsaya a bakin baho tana share hawaye.

"Sarkin Ruwa, ka yafe mini?"

"Tun ran Laraba, gimbiya." Ya miƙa mata bokitin ruwa. "Zuba. Toka dai ta tsaya a murhu."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka.