Tsakar Gidan Inna

Da hantsi Inna tana shanya shinkafa a tsakar gida, Maccido ya shigo da takarda a naɗe ya tsuguna gabanta. Shi ne autanta, akawu a ma'aikatar gwamnati. Shekarar da aka biya ma'aikata kuɗin ƙarin albashi na Udoji ya sayi siminti da bulo don ya gina ɗakin da zai sa Atika, 'yar Malam Ladan maƙwabcinsu na bayan katanga. Gidan nasu na Ƙofar Atiku ɗaki biyu ne: na Inna, da na wansa Audi da iyalinsa. Shi kuwa a shagon zaure yake kwana. Ta kowane ɓangare gidajen mutane sun kewaye su.

"Inna, ga fulan ginin. Ɗaki da falo, daga bakin rijiya zuwa madafa."

Ko kallon takardar ba ta yi ba. "In yi shanya ina? Bisa kanka? Shekara talatin da huɗu ban san kasuwa ba, ban san titi ba. Wanga hili shi na garina. Ka yi sama mana, kamar 'yan'uwanka 'yan boko."

Saman ma ya riga ya gwada. Ran da ya kai wa Malam Ladan maganar bene, tsohon ya ajiye carbinsa ya ce, "Duk wanda ya hau bene gidanku, cikin gidana yake kallo, inda iyalina ke daka ba mayafi."

"Baba, ba za a sa taga ta wajenku ba."

"Matakala fa? Magina fa, da za su yi wata biyu bisa katangata? A'a. Kuma ɗiyata ba ta zaman gidan haya. Shekara biyu ka tsare ta, Maccido. In Babbar Salla ta wuce babu ɗaki, zan ba wasu izinin nema."

Haka ya zauna a tsakiya: sama an hana, ƙasa an hana. A ofis yakan yi ta zana ɗakuna a bayan tsofaffin takardu, yana yagewa.

Audi ne ya kawo dabara. "Jibi Inna za ta Kware suna, sai ta yi mako. A haƙa fandisho, a ɗora bulo. In ta dawo ta yi faɗanta ta gama. Uwa na fushi da ɗanta har abada?"

 Ran da Maccido ya sa Inna a mota, yana dawowa ya kafa turaku huɗu a tsakar gidan, ya ja igiya.

Da la'asar ya je zance. Atika ta fito zaure ta zauna nesa da shi, ba ta yi masa tsokanar da ta saba ba, ta kiransa babban akawu mai gida a takarda.

"Yaya Maccido, na ji ana buga turaku ta bayan katanga. Inna ta yarda?"

Ya sunkuyar da kai.

"Kai ofis za ka riƙa tafiya. Ni ce zan wuni da ita. Kullum in fito daga falona in gaishe ta cikin lungun da munka rage mata?" Hawaye suka zubo mata, ta share da gefen mayafi. "Wallahi ina sonka, ka sani. Amma ba ni shiga ɗakin da aka gina bayan idonta, ko da Baba zai raba mu."

Kafin magariba ya tuge turakun. Audi ya kira shi sakarai. Washegari ya je ya faɗa wa Malam Ladan gaskiya: ba shi da inda zai yi gini, kuma ba zai taɓa filin mahaifiyarsa ba. Malam ya ce, "Na ji."

Inna ta dawo ta ga ramuka huɗu a ƙasa. Ta daɗe tsaye a kansu, sannan ta tura ƙasa da ƙafa ta cike su. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa tayar da maganar ba.

Makonni suka wuce. Damina ta sauka, danshi ya shiga zaure, buhunan siminti na ƙasa suka zama dutse. Maccido ya daina zuwa zance don kunya. Yakan jiyo muryar Atika ta katanga, ya tashi ya bar wurin.

Saura kwana uku Salla, Malam Ladan ya aika a kira shi. Maccido ya tafi da zaton sallama ce. Sai tsohon ya sa mata suka shige ɗaka, ya ja shi har garken awakinsa da ke jikin katangar gidajen biyu.

"Yarinyar ta faɗa wa uwarta zancen turaku, uwar ta faɗa mini. Auna nan. Ka rushe katanga ka matso da ita, ƙofa ta dubi gidanku. Ɗaki ɗaya zai ci, ban da falo."

"Baba, awakin fa?"

"Mi ruwanka da awakina? Wanda ya ƙi cin filin uwarsa ba ya cin haƙƙin ɗiyata."

Maccido ya durƙusa a cikin garken.

Bayan kaka aka kai amarya, tafiyar da ba ta kai taku talatin ba, amma sai da aka zagaya da ita unguwa a mota. Ɗakin ƙarami ne ƙwarai, gado da jere suka cinye shi, a ciki kuwa suka haifi 'ya'ya huɗu.

Yara masu tasowa, ku riƙe wannan: ɗakin da aka gina a kan hawayen uwa ba ya yi wa kowa faɗi. Wanda ya yi haƙuri ya bar wa iyaye haƙƙinsu, Allah kan buɗe masa ta gefen da bai taɓa aunawa ba.